Girandin bawul a kan tsohuwar fijon mahaifinmu

Motar da mahaifinmu ya bar mana, Allah ya jiƙansa, Peugeot 504 ce, daga cikin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, kuma da na ɗauko ta daga rumfar da ta daɗe a ciki a nan Gusau, sai na tarar tana wahalar tashi da safe, tana kuma kakkarwa idan an bar ta a tsaye. Dattijon bakaniken da ya saba duba ta tun mahaifinmu na da rai, wanda duk muke kira Baba, ya auna ƙarfin matsi a silinda huɗun, ta uku ta gaza sauran da nisa. Ya ɗiga baƙin mai ta ramin fulogi ya sake aunawa, bai ga canji ba, sai ya ce, "Ɗana, ringi lafiya lau yake, bawul ne ke zubar da iska."

Da muka sauke tof silinda, wato kan injin, kafin komai sai da ya danne silibobin, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai da komo a cikinsu, da ƙarfe da noti, domin injin 504 yana da silibi masu cirewa, kuma idan aka juya injin alhali kan ba ya nan suna iya ɗagawa, ruwa ya sami hanyar shiga mai. Bawul takwas ɗin, huɗu na shigar mai da iska, huɗu na fitar hayaƙi, muka soke su a jikin kwali bisa jerinsu, saboda kowanne ya riga ya saba da mazauninsa. Muka kankare baƙin da ya daskare, muka girgiza kowanne a cikin bututunsa don jin ko ya yi sako-sako.

Girandin ɗin kansa, wato goge leɓen bawul da mazauninsa har su haɗu ba tare da iska ta wuce ba, ni Baba ya miƙa wa. Ana shafa ɗan man gogewa, mai kaushi da farko, a leɓen bawul, a sa wa ƙafarsa baƙin mai, a manna masa sanda mai roba a kai, sannan a riƙa murza sandar tsakanin tafin hannu biyu kamar mai burga miyar kuka da maburgi. Bayan 'yan murzawa a ɗaga, a ɗan juya, a sake saukewa. Kunne ne ke jagorar aikin, domin da farko ana jin ƙarar yashi, daga baya sautin ya yi laushi, alamar man ya niƙe ke nan. Abin da ake nema shi ne zobe mai launin toka, wanda ya zagaye leɓen bawul da mazauninsa ba tare da yankewa ba, faɗinsa kamar milimita 1.5 zuwa 2. Wannan faɗin yana da dalili: mafi yawan zafin da bawul ɗin hayaƙi ke ɗauka ta wannan zoben yake bi ya shiga kan injin, saboda haka idan ya yi siriri bawul zai ƙone, idan kuma ya yi faɗi da yawa matsin sifirin ɗin da ke rufe bawul zai bazu, datti ya maƙale a tsakani.

Wani yaron gareji ya ga na jiƙe da gumi, ya kawo shawarar a ɗaura tiyo a ƙafar bawul a juya da injin huda. Baba ko kallonsa bai yi ba. Juyi ta gefe ɗaya da sauri yana tsaga layuka a mazaunin, kuma ni ma da na ga yadda hannu ke jin kowane canji, na yarda saurin bai kai asarar ba.

A kan bawul ɗin hayaƙi na silinda ta uku na yi kuskure. Leɓensa duk ƙananan ramuka ne, ni kuwa na ɗauka naci zai share su, na yi ta ƙara mai kaushi har wani kwari ya fara fitowa a jikinsa, wanda farce ke kamawa. Baba ya karɓa, ya ɗaga shi wajen haske ya ce, "Girandin ba ya gyara abin da wuta ta ci, yana dai nuna maka shi." Dole muka sayi sabo, aka kai kan wurin masu injin yanka suka gyara mazaunin, sannan na goge shi da mai laushi kaɗai, cikin mintuna kaɗan zoben ya rufe.

Wanki ya ci lokaci fiye da yadda na zata, domin ƙwayar man gogewa ko kaɗan ce ta saura za ta ci bututun bawul, ga shi kuma lokacin hunturu ne, ƙura na sauka kan duk abin da aka ajiye a buɗe. Muka mayar da sifirin, muka kifa kan, muka cika ramuka huɗu da kawunan bawul suke ciki da kananzir don ganin ko zai yoyo, muka tafi sallar la'asar. Da muka dawo Baba ya zura yatsa a kowace ƙofar shigar iska da ta fitar hayaƙi ya fito da shi a bushe, sannan ya tuna mini cewa tazarar bawul sai an sake saita ta da sanyin inji, tunda kowanne ya ɗan ƙara nutsewa a mazauninsa.