Saƙon Godiya ga Iyayen 'Yan Sikawut Ɗinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin malaman ƙungiyarmu ta 'yan sikawut da ke Tudun Wada, Kaduna, ina miƙa godiya ga iyayen da suka ajiye harkokinsu suka tsaya mana a zaman sansani na kwana uku da muka kammala ranar Lahadi. Kamar yadda aka sani, saboda halin tsaro ba mu fita bayan gari ba, a filin wata makaranta muka kafa tantunanmu, amma duk da haka da ba ku zo ba, da aikin ya fi ƙarfinmu.

Muna godiya ga iyaye mazan da suka kwaso yara da kaya a motocinsu daga Rigasa, Kawo da Unguwar Rimi ba tare da sun karɓi ko kuɗin mai ba, da waɗanda suka raba dare suna gadi cikin sanyin hunturu, da mahaifin da ya riƙe mana littafin kuɗi har ƙwandala ba ta ɓata ba. Iyaye mata kuwa tun kafin kiran sallar asuba suke hura wuta, domin yara su samu koko da ƙosai kafin fareti.

Daren Asabar ne ba za mu manta ba. Ƙurar hunturu ta tayar wa wani yaro ciwon asma da tsakar dare, numfashinsa ya yi ta sarƙewa, mu malamai hankalinmu ya tashi. Wata uwa ma'aikaciyar jinya, wadda ta dage tun farko cewa sai kowane mahaifi ya rubuta lalurar ɗansa a takarda, ita ce ta san inda maganin shaƙarsa yake, ta zaunar da shi ta ba shi, sannan wani uba ya kai su asibiti. Na furta a fili cewa da ta kawo maganar takardar nan na ɗauke ta a matsayin ƙarin wahala. Hajiya, ki yafe mini. Yaron yana gida, ya samu sauƙi, alhamdulillahi.

Akwai kuma wata godiya da ba a saba yi ba, wato ta haƙurin da kuka yi kuka janye hannu. Tun sansanin farko da Baden-Powell, Baturen da ya kafa harkar sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, inda ya raba yara kimanin 20 rukuni huɗu, kowane rukuni da yaro shugabansa, tsarin sikawut shi ne yaro ya yi da kansa, babba ya sa ido, kuma a kan wannan tsari harkar ta shigo Najeriya a 1915. Na ga wani uba, tela ne, yana kallon ɗansa ya kasa ƙulla igiyar tanti har sau uku, ya harɗe hannu a baya bai taɓa ba, sai da yaron ya iya. Na san abin bai zo masa da sauƙi ba.

Allah ya saka muku da alheri, ya shirya mana zuri'a.

Har yanzu muna neman iyaye biyu da za su riƙa zama da mu a taron ranar Asabar, musamman wanda ya san aikin agajin gaggawa. Sannan an bar babbar tukunya ɗaya da bargo biyu a sansani, suna hannun ma'aji, mai su ya zo ya karɓa.