Ranar da ruwan kwalbata ya yi shuɗi-shuɗi

Na shiga ɗakin gwaji tun bakwai da rabi, takaicin jiya bai sake ni ba. Jiya na narkar da polimar (doguwar sarƙar ƙananan tubalan sinadari) da na kwashe wata biyu ina haɗawa, na kwarara mata asid a tashi ɗaya. Nan take ruwan ya yi fari fat, gudaji suka kwanta a gindin kwalba. Wanda bai taɓa aiki da NCA ba, sinadarin da ake ƙulla irin wannan polima da shi, ba zai san zafin wannan asarar ba. Tun 1906 Hermann Leuchs ya fara haɗa shi, amma har yau danshin iska kaɗan ya isa ya lalata maka shi, shi ya sa kowane miligiram nake jin sa a raina.

Polimar tawa sarƙa ce mai kashi biyu. Kashi ɗaya wata polima ce da ake kira PEG, wanda ba ruwansa da tsamin ruwa, kullum narkewa yake yi. Ɗaya kashin jerin glutamik asid ne, irin tubalin da jikinmu ke gina furotin da shi, kuma shi ne mai sauya hali. A pH 7 (pH ma'aunin tsamin ruwa ne, lambar na raguwa in tsami ya ƙaru) kowane tubali na ɗauke da caji iri ɗaya, suna ture juna, sai sarƙar ta baje a ruwa ba tsari. Da an sauko wajen 5 zuwa ƙasa cajin yakan gushe, sarƙar ta murɗe kamar igiya, ta daina shiri da ruwa. Daga nan sai murɗaɗɗun su taru a tsakiya su ɓuya, PEG ya kewaye su ta waje.

Da Malama ta shigo na nuna mata kwalbar jiya. Ta ɗaga ta sama ta duba, ta ce, "Cikin minti nawa ka zuba asid ɗin?"

Na ce, "Malama, ko minti ɗaya bai kai ba."

Ta ce, "To ba yawansa ne ya ɓata maka ba, saurin ne. Ba ka ba su lokacin neman juna ba. Sake, ɗigo-ɗigo."

Haka na yi. Na ƙara tsarma asid ɗin, na tace komai da matata mai ƙananan ramuka na maikromita 0.45 saboda ƙura, na ɗora kwalbar a kan majuyi. In ɗiga, in jira lambar ta tsaya, in rubuta. Daga 7.4 zuwa 6 ban ga komai ba. Sama da awa biyu ina zaune, baya ya ƙage. Can ƙasa da 5 na lura ruwan ya ɗan canza. Bai yi fari ba, wani shuɗi-shuɗi ne mai rauni wanda sai ka kara baƙar takarda a bayan kwalbar za ka gan shi. Na haska ɗan jan leza ta gefe, sai ga layin haske ya ratsa ruwan sambal, alhali da safe ba ya ko bayyana. Gabana sai da ya faɗi don murna.

Ido kaɗai ba hujja ba ne, don haka bayan azahar na kai samfurin na'urar CD, wadda ke zana layi a allo don nuna siffar sarƙa ta yadda take shan haske. Na safe ya ba da kwari ɗaya kusa da nanomita 200, alamar sarƙa a baje. Na yanzu kwari biyu ya fitar, a 208 da 222. Wannan ita ce shaidar alfa-helis, murɗin da Linus Pauling da abokan aikinsa suka bayyana a 1951, tubali 3.6 a kowane zagaye. Na sha haddace lambobin nan don jarrabawa. Yau ne na gan su sun fito daga abin da na haɗa da hannuna, na daɗe ina kallon allon.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne da na mayar da pH zuwa 7.4 da soda (sinadarin da ke kashe tsamin asid), shuɗin ya ɓace, layin lezar ya mutu. Sun wargaje kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Dalilin da ya sa masu neman hanyar isar da magani ke bibiyar irin waɗannan ke nan: jini yana 7.4, amma ƴan jakunkunan da ƙwayar halitta ke haɗiye abu a cikinsu suna sauka zuwa 5 ko 6. A Bordo ta Faransa, ƙungiyar Lecommandoux ta nuna a 2005 cewa idan aka haɗa tubalan glutamik asid 15 da na laisin (wani tubalin furotin) 15, ƙwallon da suke yi yakan juya ciki ya koma waje tsakanin ruwa mai tsami da mai kaifin soda. Can nake son kaiwa.

Na yi ta maimaita saukar da pH da mayar da shi, amma zagaye na uku bai yi kyau kamar na farko ba, ruwan ya fi gurɓata. Na san dalili: duk asid da sodar da na ɗiga gishiri suke bari a kwalbar, gishirin kuma yana rage ƙarfin turewar cajin. Kafin in tashi na jiƙa jakar dayalisis, wadda asid da gishiri ke ratsa jikinta amma polima ba ta iya fita, na ajiye samfurin a firji. Gobe da asid zai shiga ta jikin jakar a hankali zan auna girman ƙwayoyin.