Ina ne Ikko?

Yau a Agege bayan la'asar, wani dattijo mai goro yake cewa tun yana saurayi ya zo Ikko. Ɗana ya ja min riga: "Baba, ina ne Ikko?" Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Yaron nan fa a garin aka yanke masa cibiya.

Na zaunar da shi na ce Eko ne sunan tsibirin Legas tun da. Awori, wani reshe na Yarabawa, suka fara zama, daga baya mayaƙan Sarkin Bini suka kafa sansani. Legas kuwa Turawan Fotugal suka laƙaba, saboda tafkunan wurin. Fatakenmu tsohon sunan suka kai Arewa, bakinmu ya mai da shi Ikko. Ba na so ya ɓace a bakin 'ya'yanmu.