Kafasitar maika a amfilifayar rediyo: lambar da ba a rubuta a jikinta ba

Duk wanda ya haɗa amfilifaya (na'urar ƙara wa sigina ƙarfi) mai wat 100 don magana a zangon mita 40, wato tsakanin 7.0 da 7.2 MHz, ya san cewa bayan taransistoci babu abin da ya kai filtar fitarwa muhimmanci. Ita ce take tare muryoyin banza da amfilifaya ke haifarwa a 14 da 21 MHz kafin su kai ga eriya su dami sauran masu sauraro. A cikin wannan filta ne kafasitar maika, wato ƙaramin kayan lantarki mai riƙe caji da aka yi da dutsen maika, take da gurbinta, kuma a nan ne nake ganin 'yan'uwa masu sha'awar wannan harka suna yin zaɓe da rabin ilimi.

Maika dutse ne mai ƙyalli da ake ɓarewa falle-falle, kuma wuta ba ta ratsa shi. Wani Ba'amurke mai suna William Dubilier ne ya fara yin kafasita da shi a farkon ƙarni na 20 don na'urorin aika saƙo ba tare da waya ba, kuma Indiya tana cikin manyan ƙasashen da ake haƙo shi. Irin wadda muke amfani da ita yau an shafa wa fallayenta azurfa ne, aka jera su, aka tsoma cikin roba mai ruwan ƙasa. Darajarta biyu ce: ba ta ɓarnar wuta ta mayar da ita zafi sai ɗan kaɗan, kuma ƙimarta ba ta gushewa sosai idan ta ɗumama. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ɗakinsa na kwano yake a karkarar Ringim ko Gumel, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40 tun kafin a kunna komai.

Abin da mai saye yake dubawa shi ne rubutun da ke jikinta, misali 471J da 500V, wato ƙimar 470 pF (pikofarad, ma'aunin cajin da take iya riƙewa), da sassaucin kashi 5 cikin ɗari, da juriyar volt 500. Sai ya yi lissafi cewa wat 100 a kan eriya mai om 50 volt 71 ne kawai, ƙololuwarsa volt 100, ya ga ai akwai rata mai yawa, hankalinsa ya kwanta. Lissafin daidai ne, amma bai ƙare ba. A 7 MHz, kafasita mai 470 pF tana tare wuta da kimanin om 48 ne kawai, saboda haka abin da ke ratsa ta ya kusa amfiya ɗaya da rabi, kuma wannan duka yana bi ne ta fatar azurfa marar kauri da ƙafafun waya biyu sirara. Lambar iyakar amfiyar da za ta iya ɗauka ba a rubuta ta a jikin kafasitar ba, sai a takardar bayanin kamfanin da ya ƙera ta. Wutar da ta wuce wannan iyaka kuwa ita ce take kashe kafasitar. Idan kuma iskar farkon damina ta karkatar da gorar da aka ɗaure eriya a kai har SWR, wato ma'aunin rashin daidaito tsakanin eriya da amfilifaya, ya kai 3, ƙololuwar volt na iya kaiwa 170, wutar da ke ratsawa ita ma ta ƙaru da gwargwadon haka.

Shawarata a nan ita ce a raba kayan gida biyu, kamar yadda ake raba mangala a bayan jaki. Maimakon 470 pF guda ɗaya, a haɗa 220 da 250, ko 240 guda biyu, gefe da gefe, kowace ta ɗauki kusan rabin wutar. A gajarta ƙafafunsu iyakar iyawa kafin a liƙa da dalma, domin doguwar ƙafa a irin wannan zango kwayil ce, wato tamkar naɗaɗɗiyar waya, da ba a gayyata ba. Bayan haka a sa lodin gwaji mai om 50 a madadin eriya, a aika sigina na rabin minti, a kashe, a taɓa da yatsa. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma wadda ta ƙona yatsa ba za ta kai ƙarshen bazara ba.

Akwai kuma maganar inda ake samo su. A rumfunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano, abin da ya fi yawa shi ne ƙananan siramik masu kama da ƙwayar magani, waɗanda aka yi don wasu ayyukan daban. Masu alamar X7R ko Y5V ba su dace da filta ba sam, domin suna zafi kuma ƙimarsu tana yawo, amma masu alamar C0G ko NP0 da isasshen volt suna tsayawa a madadin maika ba tare da wata matsala ba. Maikar da aka ciro daga tsohuwar rediyo kuwa sai an auna ta, saboda laima tare da wutar DC na shekaru suna sa azurfar ta yi rarrafe a gefen fallayen har ta fara yoyon wuta.

Mai amfilifayar balbul, wato mai amfani da kwalaben gilashi maimakon taransisto, wadda ke aiki da volt dubu biyu ko uku, kada ya kusanci waɗannan ƙanana a ɓangaren babbar wuta. Can sai manyan kafasitocin da aka ƙera musamman don na'urorin watsa sigina, masu kusoshin ɗaurewa maimakon ƙafafun waya.