Abin da koyar da lesin ya nuna min game da manyan lambobi

Ni dai tunda na fara koyar da yaran unguwa mas da yamma a nan Kabuga, masu shirin WAEC da JAMB, na lura ba lissafin ne ke tsorata su ba, tsawon lambar ne. Ka rubuta 347,347 a allo sai kaga kowa ya fara laluben kalkuleta, alhali lambar nan tambayoyi kawai take so ka mata.

Fara da wutsiyarta. Ta ƙare da 7, to mara ce ba cika ba, 2 ba zai raba ta ba, 5 ma haka. Kuma ba sikwaya bace, don duk lambar da aka ninka da kanta ba ta taɓa ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8. Haɗa lambobin cikinta, 28 kenan, 3 da 9 sun fita. A nan ne yara ke saurin cewa "Malam firayim ce", wato irin wadda ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Ina! Duk lamba mai gida uku da ka rubuta sau biyu a jere ka ninka ta da 1001 ne, shi kuma 1001 ai 7 sau 11 sau 13 ne. Sai ya rage 347, shi kam firayim ne na gaske, kuma ba sai ka gwada har ɗari uku ba, ka tsaya a 17 ya isa tunda 19 sau 19 ya riga ya wuce shi. Gaba ɗaya lambobi 16 ne ke raba 347,347 ba saura.

Yanzu ɗauko 720,720, gida shida ita ma, fasali iri ɗaya, amma lambobi 240 ne ke raba ta, kuma daga 1 har 16 babu wanda zai bar maka ragowa, ita ce ma mafi ƙanƙanta da ke iya hakan. Wallahi wannan bambancin ne ya fi birge ni, a ido kamar ƴan gida ɗaya amma hali ya sha bamban. Malamanmu na rabon gado sun daɗe da sanin wannan, shi yasa in tumuni ya haɗu da sudusi suke komawa 24 a matsayin asalin mas'ala, don 8 da 6 duk suna shiga ciki lafiya.

Su kuma firayim ɗin ba su da ƙarshe, Yuklid na Girka ya tabbatar da haka sama da shekara 2000 da suka wuce. A Oktoban 2024 wani ɗan Amurka Luke Durant ya gano wata mai gida sama da miliyan 41, ka ninka 2 da kanta sau 136,279,841 ka cire 1. Wani yaro ya ce to Malam meye amfaninta? Wannan ɗin kam gaskiya gasa ce kawai, amma tsarin RSA na 1977 da ake kulle bayanai da shi a intanet ya dogara ne kan cewa ninka manyan firayim biyu abu ne mai sauƙi, gano su daga amsar kuma ko kwamfuta sai ta ji jiki. Yanzu dai aikin gidan da na basu 510,510 ne, na ce kar wanda ya taɓa waya.