Wa zai ɗaga wa likitan kunne waya cikin dare?

A asibitin koyarwa likita ba ya yanke shawara shi kaɗai. Da safe ana zagayen gadaje, maigida yana gaba, manya da ƙananan likitoci na biye. In ka hangi abin da ya shige maka duhu a cikin kunnen mutum, sai ka leƙa ɗaki na gaba ka ce, "Yallaɓai, don Allah zo ka duba min wannan." A haka na koyi aikin kunne, hanci da maƙogwaro. Da na buɗe ɗan asibitina a cikin garin Gombe sai na wayi gari babu ɗaki na gaba. Daga ni sai nas ɗaya, sai yaron da ke kula da janareto.

Mu 'yan wannan fanni ba mu da yawa a wannan yanki, kuma akasarinmu suna manyan asibitocin gwamnati, irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi. Ga shi marasa lafiya na zuwa daga Dukku, Bajoga, Kaltungo, har daga Biu. Shi ya sa tun kafin in ɗaga allo a ƙofa na bi manyana ɗaya bayan ɗaya, na gaishe su, na faɗa musu abin da nake da shi da abin da ba ni da shi, na kuma roƙi izinin kiransu ko da tsakar dare ne.

Amfanin wannan zagaye ya bayyana ranar da aka kawo min wata yarinya 'yar shekara biyu daga wajen Kumo. Uwarta ta ce tana cin gyaɗa tana wasa sai ta ƙware, ta yi ta tari har fuskarta ta sauya, daga baya tarin ya lafa. Wannan lafawar ita ke yaudarar iyaye. Na ɗora abin saurare a ƙirjinta, iska na shiga hagu sosai, dama kuwa da ƙyar. Gyaɗa ba ta fitowa a hoton ƙirji, kuma man da ke jikinta yana kumbura hanyar numfashi, kwana kaɗan huhu ya kamu. Cire ta sai da bututun leƙa hanyar numfashi na yara, da likitan sa barci wanda ya saba da ƙananan yara. Ba ni da ko ɗaya.

Na buga wa wani maigidana. Bai tsaya dogon bayani ba, ya ce, "Ka turo ta yanzu, kada a ba ta komai ta baki, zan sa a shirya ɗakin tiyata."

Uban yarinyar ransa bai so ba. Ya ce, "Likita, mun yanki kati a nan, yaya kuma za ka tura mu wani wuri?" Na ce, "Malam, in na riƙe ta a nan na cuce ku. Wanda zan tura ku wurinsa shi ya koya min aiki, kuma yana jiranku." Na rubuta takarda, na mayar masa da kuɗin katin, nas ɗina ta raka su. Bayan sati guda suka dawo da yarinyar tana ta guje-guje, da takardar maigidan yana bayanin abin da ya gani da abin da ya rage in bi.

Wannan takarda ta dawowa ita ce ginshiƙin zumuncinmu, domin abin da ke raba likitocin asibitocin kuɗi da junansu, da kuma na gwamnati, zargi ne: in na tura maka mutum za ka riƙe shi, ba zan sake ganinsa ba. Da mu likitocin wannan fanni muka fara zama wata-wata, ranar Asabar bayan la'asar, wannan muka fara warwarewa, kuma an ɗan yi zafi kafin a daidaita. Muka tsayar cewa duk wanda aka tura wa marar lafiya zai mayar da shi da bayani a rubuce, kuma babu la'ada, ko kobo. Ni dai a ganina ranar da kuɗi ya shiga tsakanin mai turawa da wanda aka tura wa, ranar marar lafiya ya zama haja.

A zaman kowa yana zuwa da abin da ya hana shi barci. Ba a faɗin suna, ba a nuna fuska, hoton cikin kunne ma sai da yardar mai shi. A nan ne wani ya tuna mana cewa dishewar murya da ta wuce sati uku ba a ci gaba da rubuta mata magani sai an leƙa maƙogwaro. A nan ne kuma muka yi ta nanata batun ƙaramin batirin agogo, wanda in yaro ya cusa a hanci yana iya cin nama cikin sa'o'i. Likitocin sa barci da masu gwajin ji suna zama tare da mu, kuma sau da yawa maganarsu ce ke raba gardama.

Akwai kuma batun tafiya. Wanda aka yi wa tiyatar cire tansil, wato ƙullutun nama biyu da ke gefen maƙogwaro, zai iya fara zubar da jini kwana 5 zuwa 10 bayan aiki, lokacin da kowa ya saki jiki. Don haka ba na sa wuƙa in ina da tafiya a gaba, sai na san wane ne zai tsaya min, kuma lambarsa tana rubuce a katin sallama. Na'urar gwajin ji tana buƙatar a daidaita ta duk shekara, sai mu haɗa kuɗin motar mai gyaran ya zo ya duba na kowa lokaci guda. Adashin da muka yi ne ya sayo min na'urar leƙa hanci.

Manyan ƙungiyoyi suna da nasu amfanin. Taron shekara na ƙungiyar likitocin fanninmu ta ƙasa, ORLSON, yana ba mutum makin ƙarin ilimi da hukumar da ke ba likitoci lasisi, MDCN, ke nema kafin sabunta lasisi, ga haɗuwa da abokan da aka yi horo tare. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, tana horar da ma'aikatan jinya a wannan fanni, kuma samun nas da ta bi ta can babban sauƙi ne. Da dokar inshorar lafiya ta 2022 ta zo, 'yan'uwa masu asibitoci ne suka zaunar da ni kan takardun rajista. Abin da nake so in ƙara ji a irin waɗannan taruka shi ne kunnen da ke zubar da mugunya shekara da shekaru, da haɓon hunturu, da yaran da sanƙarau ya bari da kurumta, don su ne ke cika bencina.

Wanzamai ma mun neme su. Har yanzu ana cire wa jarirai beli, wasu su iso mana jini ya ƙi tsayawa. Zagi daga nesa bai hana komai ba, sai muka je muka gaida sarkin askar unguwa, muka zauna a zaurensa. Bai yarda da duk abin da muka faɗa ba, amma ya karɓi lambar waya, kuma yaransa sun fara turo jarirai da wuri. Ranar 3 ga Maris, Ranar Ji ta Duniya, mun gayyace shi ya zo makarantar firamaren da za mu duba kunnuwan yara, ya ce in Allah ya kai mu zai zo da mutum biyu.