A Cikinku Wa Ya Taɓa Ɗanɗanawa?

Duk otal ɗin da aka kira ni koyar da ma'aikata haɗa gahawa a garin Gombe, tambayata ta farko ba ta canjawa: a cikinku wa ya taɓa shan abin nan da kuke kai wa baƙi? Sai ɗakin ya yi tsit. Wannan ya sosa ƙeya, waccan ta dubi yatsun ƙafarta. Akwai ranar da wani yaro ya yi ta maza ya ce, "Oga, ai a sito yake a kulle, da lissafi ake fito da shi. In ka kurɓa, a albashinka." Manajansu na tsaye a wurin, bai musa ba.

To ka ji tushen sana'ata. Mai otal zai zuba kuɗi ya sayo inji daga Legas ko Dubai, a kafa shi yana ta ƙyalli, amma wanda zai tsaya a gabansa bai san ɗanɗanon abin da ke fitowa ba. Kamar ka ba mace tukunya ka ce ta yi miya, ka hana ta taɓa gishiri a harshe.

Kamfanin nawa ba wani babba ba ne: ni, yara biyu maza, da wata ƙanwata mai riƙe littafin kuɗi. Shagonmu na Tumfure. Muna soya gahawa mu sayar, muna wanke injuna, amma abin da ya fi riƙe mu shi ne koyarwa. Ni kaina a wani otal na Abuja na koya, a hannun wata 'yar Habasha da ba ta da wasa ko kaɗan. Ita ta fara gaya mini cewa ƙasarsu ce asalin irin da ake kira Arabika, daga can ya tsallaka Yaman, Larabawa suka bazu da shi. Da na dawo gida sai na tarar Gombe ta zama matattarar taruka. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa maso Gabas suna son nan, don gari ne na tsakiya, ga hanya zuwa Bauchi, Yola da Biu. Baƙi suna neman gahawa ta gaske, ana ba su Nescafé a ruwan fulas da ya huce. Na ce ga kasuwa.

Ina cewa gahawa ne da gangan. In na ce kofi, sai yara su miƙo mini kofin da babu komai ciki, don a bakinmu sunan mazubin da na abin shan ɗaya ne. An sha dariya a kan haka har na gaji.

Ranar farko ba ma taɓa inji. Kofuna uku nake jerawa gaban kowa, daga garin gahawa ɗaya, ruwa ɗaya. Na farko na tsame shi da wuri, na biyu ya yi daidai, na uku na bar shi ya daɗe a wuta. Sai in ce su kurɓa, su gaya mini da Hausa abin da suka ji. A nan aikin yake yi mini daɗi, don harshenmu bai rasa kalmomin ɗanɗano ba. Na farko za ka ji an ce tsami, wani ya ce lami, ruwa-ruwa. Na uku kuwa fuska ke fara magana kafin baki: ɗaci, bauri, har da ƙauri kamar tuwon da ya kama. Na tsakiyar ne ake jinkiri a kansa. Wata yarinya, Batangaliya daga Kaltungo, ta juya shi a baki ta ce, "Malam, wannan garɗi gare shi, kamar gyaɗar da aka soya da yashi." Tun daga ranar na ɗauke kalmar, da ita nake koyarwa. Garɗi muke nema. In ma'aikaci ya gane bambancin garɗi da ƙauri a harshensa, rabin aikina ya ƙare.

Masu cewa ba sa iya shan abu mai ɗaci, da goro nake kama su. Kakanninmu sun yi ta cin goro, ga ɗaci ga bauri, kuma kowa ya san in ka kora da ruwa sai ka ji zaƙi a maƙogwaro. Sinadarin da ke hana barci a goro, wanda ake kira kafeyin, shi ne dai a gahawa. Ba baƙon abu aka kawo mana ba.

Rana ta biyu sikeli. Ban yarda da "cokali biyu" ba, don cokalin wani tozo ne da shi, na wani a shafe. Giram 60 na gari ga lita ɗaya ta ruwa, daga nan ake farawa, in ya so a ƙara ko a rage gwargwadon bakin masu sha. Zafin ruwa tsakanin digiri 90 da 96. Inda babu ma'aunin zafi, in ya tafasa a sauke, a ƙirga talatin, sannan a zuba. A butar dannawa, wato wadda ake danna matata a cikinta don raba gari da ruwa, gari mai tsaki-tsaki, minti 4. A injin esfireso kuwa, wato mai matso 'yar gahawa kaɗan mai ƙarfi, gari mai laushi, giram 18 ya ba da kamar giram 36 a kofi, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. In ya zubo da gudu kamar famfo, niƙan ya yi tsaki, tsami za a sha. In yana ɗiga da ƙyar, ya yi laushi da yawa, ɗaci ke tafe. Lambobin nan a kwali nake rubutawa in manna a bango, amma kullum ina ce musu harshe ne alƙali.

Waɗanda suka fi saurin kamawa, kuma suka fi ba ni wahala, yaran da suka taso a teburin mai shayi ne. Hannunsu ya riga ya faɗa. Wanda ya saba ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayi cikin wani ba tare da ɗigo ya faɗi ba, ba sai an koya masa sarrafa buta ba. Sun iya kallon mutum su san yana sauri ko hira ya zo. Matsalarsu ɗaya: a wurinsu abin da bai tafasa ya yi ta ɓararraka ba bai dahu ba. Sai na yi da gaske kafin su yarda cewa gahawar da aka riga aka tace ba a mayar da ita wuta.

Wannan ɗabi'a ta taɓa ja mini abin kunya, kodayake ba daga yaran ba. Wani otal, ba sai na kama suna ba, ya karɓi taron kwana uku. Na horar da ma'aikatansu mako guda, na kawo musu gari mai kyau, muka tsara cewa a haɗa minti 20 kafin hutun shan shayi, a zuba a fulas ɗin da aka ɗauraye da ruwan zafi. Ashe manaja ya ga hakan ɓata lokaci ne. Ya sa aka haɗa tun bayan asuba, aka ɗora a kan gas, wuta kaɗan-kaɗan har ƙarfe goma sha ɗaya. Ina shago manajan ya kira ni, murya a sama: "Malam, kayan da ka kawo mana ba su da kyau, baƙi sun ƙi sha!" Na hau babur na je. Tun daga ƙofar kicin ƙauri ya tare ni. Abin ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri. Ban ce komai ba, na tsiyaya a kofi na miƙa masa da hannu biyu, na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan taɓa." Ya kurɓa, ya rasa inda zai tofar. Yaran suna bayansa suna danne dariya. Sun san abin da ya faru, sun ma faɗa masa da safe, ya ce su wa. Daga ranar na sa sharaɗi: ba na koyarwa sai manaja ya zauna a darasin ɗanɗano, ko na awa ɗaya ne. Wasu sun fasa ba ni aiki saboda haka. Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Sauran fitinun sana'ar na wurinmu ne. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana barin farin ɓawo a cikin inji, ya toshe shi a hankali, don haka nake sa a yi amfani da tataccen ruwa. In an ɗauke wuta aka tayar da janareta, a kashe inji tukuna kafin a juya layi. Injin niƙa guda na rasa kafin in koyi wannan. Da hunturu gari yakan yi ta tashi yana mannewa a jikin komai saboda bushewar iska, sai a ɗan taɓa ƙwayoyin da jiƙaƙƙen cokali kafin a niƙa. Madara kuwa, ga shanu ko'ina amma nonon da ke zuwa kasuwa ya riga ya yi tsami, ba ya kumfa. Ta kwali muke amfani da ita, ko ta gari mai maiƙo a dama da ruwan sanyi, kuma kada zafinta ya wuce digiri 65, in ya wuce ta ƙone.

Ƙwayar gahawar da na fi alfahari da ita daga tsaunin Mambila take, a Taraba, inda sanyi da tudu suka dace da Arabika, can inda ake noman ganyen shayin Highland. Tafiya ce mai cin rai, ta Numan, Jalingo, Bali, Serti, sannan a hau dutse zuwa Gembu. Manoman sun ragu, samun buhu mai tsabta sai an tsince da hannu. Amma ka ga fuskar Bature in an ce masa abin da yake sha a Najeriya aka noma.

Kai wa baƙo kuma darasi ne mai zaman kansa. A ɗumama kofi, mariƙinsa ya kalli hannun daman mai sha, cokali a gefe, ruwan sha a kusa, a miƙa da dama. In Alhaji ya ce a zuba masa sukari cokali huɗu da madarar gwangwani, a zuba, fuska a sake. Ba na son ma'aikacin da daga ya koyi kalmar kafucino, wato gahawa mai kumfar madara, sai ya fara yi wa mutane kallon ƙauyawa. Kuɗinsa ne, bakinsa ne. Waɗanda suka saba da Makka da Madina kuwa wata gahawar suke nufi, mara duhu, a ɗan finjali, da dabino. Ita ana riƙe buta da hagu a miƙa finjali da dama, ba a cikawa, kuma ana ta ƙarawa har sai baƙo ya girgiza finjalin. Da azumi ita ce ke tafiya, don haka na sa ta a cikin darasi.

Ƙorafin da masu otal suka fi yi mini shi ne, da na koyar da yaro sai ya gudu. Gaskiya ne, suna tafiya. Nakan tambaye su nawa suka ƙara masa bayan ya iya, sai a canja zance.

Yaron nan da ya ce a sito ake kullewa, yanzu yana wani gidan shan gahawa a Abuja. Shekaranjiya da dare ya turo mini hoto ta WhatsApp: kofi, an zana ganye da kumfar madara a sama, ya ɗan karkace. A ƙasa ya rubuta, "Oga, na ɗanɗana kafin in kai." Na amsa masa cewa kumfar ta yi manyan ido, ya rage iska. Sannan na tura masa lambar ƙanensa, wanda zai fara zuwa shago ranar Litinin.